Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙwayoyin Cuta a Buhun Abincin Kifi

Assalamu alaikum. Abincin kamfani nake saya, mai tasowa saman ruwa, a buhu a ɗinke. Sai na ji ana cewa shi ma yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta. To ba dafa shi ake yi ba? Daga wani mai kiwon tarwada.

Wa alaikumus salam, Malam. Ana dafa shi kam. Injin da ke fitar da abinci mai tasowa yana kai zafin digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Celsius, kuma ƙwayoyin cuta na bakteriya irin su Salmonella ko E. coli ba sa tsira a wannan wuta. Mai nutsewa, wanda ake matsewa da tururi, zafinsa bai cika wuce digiri 70 zuwa 90 ba, shi ya sa ya fi zama abin lura. Akwai kuma dangin Bacillus, masu dunƙulewa cikin wani ɓawo mai tauri su jira wuta ta wuce.

Amma ɓarnar ta fi aukuwa bayan an fito daga wuta. Garin kifi, garin jini da garin ragowar kaji su ne suka fi shigo da ƙwayoyin cuta masana'anta. Ƙurarsu tana tashi, iskar da ake hurawa don abincin ya huce ta ɗebo ta, ta sauke a kan dafaffe. Haka wajen fesa mai, haka wajen zubawa a buhu. Salmonella kuwa tana iya yin watanni a busasshen abinci ba ta mutu ba, tana jiran danshi. Saboda haka ne dokar Tarayyar Turai ta ce kada a same ta ko ɗaya a cikin giram 25 na irin waɗannan garin.

Sauran laifin na ɗakin ajiya ne. Danshin abinci ya kamata ya tsaya wajen kashi 10 cikin 100. Da ya haura 13 ko 14, fumfuna ta samu gida. A ɗora buhuna kan katako, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, kada su jingina da bango, a fara da wanda ya riga zuwa, a kuma ƙarar da shi cikin wata uku daga ranar da aka yi shi. Ɓera da tsuntsu da kyankyaso su ne dillalan Salmonella. Buhun da ɓera ya huda, an gama da amincinsa.

Kowane mako nakan gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan a abincin kifina, don rigakafi. Yanzu ciwo ya shigo, gyambo a jiki, ciki a kumbure, na ba su maganin nan bai ci ba. Jabu aka sayar mini? Daga wata mai kiwon kifi.

Hajiya, jabu yana yiwuwa, amma abin da kika bayyana ya isa ya kashe ƙarfin magani ko da na gaske ne. Wannan "kaɗan" ɗin shi ne matsalar. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke ruwanki, ba a rasa 'yan tsiraru masu jure magani. Kaɗan ɗin da kike zubawa yana kashe raunana, ya share wa masu taurin kai fili, su hayayyafa. Bayan makonni, su ne masu gida. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi a kan shan magani ƙasa da ƙima saboda wannan dalili.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin cuta suna miƙa wa juna wannan juriya ta wasu ƙananan zobban gado da ake kira filasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. E. coli da ta zo cikin garin ragowar kajin da aka ɗura wa magani tana iya koya wa ƙwayar Aeromonas da ke kududdufinki, wadda ita ce ta fi kawo irin gyambon da kika gani. Ke nan mai kiwo yana iya gadar juriya daga buhu tun bai taɓa sayen magani ba, sai dai zubawar mako-mako ce ke raya ta.

Kuma mafi yawan oksitetrasaikilin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da aka sa a abinci ba ya shiga jinin kifi. Yana liƙe wa sinadarin kalsiyam da magniziyam, ya fita ta kashi, ya kwanta a laka. Ranar da aka saki ruwan, ya tafi da maganin da ƙwayoyin da suka saba da shi zuwa rafi da gonaki. Abin da ke damun mu ke nan ƙwarai, domin irin magungunan nan ne ake ba mutane a asibiti. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye sanadin ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani.

Ki daina na mako-mako daga yau. Ki duba iskar ruwa da ammoniya (gubar da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi) da cunkoso, don su ne ke buɗe wa Aeromonas ƙofa. Norway ta yi amfani da kusan tan 50 na magani a kiwon kifinta a 1987. Da ta koma allurar rigakafi da tsabta, sai ta rage fiye da kashi 95 cikin 100, kifin kuma ya ninka sau da yawa.

Idan dole sai an ba da magani, yaya ake yi daidai?

Gwaji tukuna. A kai kifi uku zuwa biyar masu ciwo amma da ransu (matacce ruɗa sakamako yake yi), tare da samfurin abinci: a ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasan buhuna da dama, a haɗa kamar rabin kilo a sabuwar leda, a rubuta lambar rukunin da ke jikin buhu. A ɗakin gwaji za a shuka ƙwayar a faranti, a jera mata 'yan takardu masu ɗauke da magunguna. Wanda ya share da'ira mai faɗi kewaye da shi, shi ke ci. Kwanaki kaɗan ake jira.

Sannan awo, bisa umarnin likitan dabbobi, kuma da nauyin kifi ake yi, ba da nauyin abinci ba. Misali, oksitetrasaikilin akan ba da miligiram 55 zuwa 83 ga kowane kilo na kifi a rana, kwana 10. Kifi 1,000 masu giram 200 kilo 200 ke nan. A miligiram 75, giram 15 na ainihin maganin ake bukata kullum. In garin da aka sayo ƙarfinsa kashi 20 ne cikin 100, giram 75 za a auna. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, su ba da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya kamata. A kwaɓa shi da ɗan mai don ya kama jikin abincin, a rage yawan abincin yadda za a cinye tas, domin kifi marar lafiya ba ya ci sosai. Kada a tsaya a kwana na huɗu don mutuwa ta lafa.

Bayan an gama, a jira kafin sayarwa. A Amurka kwana 21 ne ga wannan magani, kuma ruwa mai sanyi yana jinkirta fitarsa daga tsoka. Magungunan kuloramfenikol da dangin naitirofuran kuwa an haramta su ga dabbobin ci a Turai da Amurka, kada a kusance su.

Buhu biyu sun yi ɗan fumfuna. In na shanya su na sa magani, za su yi?

A'a, Malam. Fumfuna ba bakteriya ba ce, maganin nan ba ya taɓa ta. Dafin aflatoksin da take iya bari yana lalata hantar kifi, rana ba ta kashe shi, dafuwa ma ba ta gamawa da shi. A binne buhunan ko a ƙone su, kada a ba kaji ko wata dabba, sannan a share wurin a bar shi ya bushe kafin a jera sababbi.