Amsar Kawu daga Tawa kan yi wa dabba mai ciki tsawa

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin abin ya ɗan dame ni. Kana tambaya ko camfi ne kawai yadda Kakarka take hana yara korar dabba mai ciki ko yi mata tsawa, tana cewa na cikin ma yana ji. Ashe shekara uku a Yamai sun isa yaro ya kira tarbiyyar gidansu camfi?

A farin 1984 ina saurayi, muna kiwon shanunmu na Azawak a wajen Abalak. Ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba, muka koma sassabo musu ganyen itace. Akwai wata jar saniya ta Kakanka wadda ta yi goyon cikinta na wata tara cikin wannan yunwa, ga doguwar tafiya zuwa rijiya, ga diloli suna kewaya garke da dare saboda mushe ya yi yawa. Da ta haihu, na rungumi maraƙar kamar ɗan akuya don rashin nauyi. Daminar da ta biyo baya ta yi kyau, dabbobi suka murmure, amma karsanar nan har ƙannenta suka fi ta girma. Ƙwarya ta faɗi ƙasa, sai ta tsinke igiya. Ta makara wajen haihuwa, kuma idan baƙo ya tsaya kusa lokacin tatsa, sai ta riƙe nono, hantsa cike amma ko ɗigo babu. Kakanka yakan dube ta ya ce, “Wannan tun a ciki ta sha tsoro, kuma ciyawar bana ba ta biyan bashin bara.”

Shi ne ya koya mana cewa saniya ba ta sakin nono sai hankalinta ya kwanta, shi ya sa ake fara sakar mata maraƙi kafin a kai ƙwarya, idan kuma ya mutu a cusa ciyawa a fatarsa a ajiye gabanta tana lasa.

Yanzu kuwa yara suna ratsa garke da babur, akuya mai ciki tana kiwon leda a bola, idan ta yi ɓari a ce tsautsayi ne. Batun ko na cikin yana jin tsawar da kunnensa, maganar Kakarka ce, sai ka zo hutun Babbar Salla ka tambaye ta da bakinka, amma ka kashe babur tun daga ƙofar gida, domin tunkiyarta tana da ciki.