'Yata da harshen aji a Zangon Kumasi

Ɗan'uwa, ka tambaye ni yadda aka yi 'yata za ta zama malamar firamare tana karantar da yara da Tonanci, harshen Asante, alhali ubanta Bahaushe ne. Har ka ce ko auren Batoniya, wato 'yar Asante, da na yi ne ya jawo. Maganar ta taɓa ni.

A Ghana harsuna 11 gwamnati ta ware don ƙananan azuzuwa. Akwai Tonanci da Dagbani da Gonja da Ewe da Ga, amma babu Hausa, wai ita baƙuwa ce. Harshen da rediyon gwamnati ke karanta labarai da shi, wanda ake ciniki da shi tun zamanin fataken goro a Salaga! Kakana a unguwar Aboabo ta Kumasi ya ga korar baƙi ta 1969, aka kwashe maƙwabtansa a manyan motoci yana tsaye a ƙofar gida. Har ya rasu ba a faɗin kalmar "baƙo" a gabansa.

Yarinyar tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Da aka tura ta gwajin koyarwa a unguwar Asawase ta Kumasi, sai ta tarar yawancin ajin 'yan Zango ne, Mosawa da Zabarmawa da Dagombawa da namu, kuma duk Hausa ce ta haɗa su. Littafi da Tonanci, jarrabawa a gaba da Turanci. Wani yaro ya yi mako guda bai buɗe baki ba, har aka ɗauka daƙiƙi ne. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Kawo mini duwatsu biyar." Ya zabura ya ƙirgo su daidai. Ranar ko mayafi ba ta cire ba ta hau ba mu labari.

Abokan karatunta da yawa ba su tare da ita. Suna cewa harshen gida ba ya kai yaro jami'a, iyaye ma Turanci suke nema. Ban ga laifinsu sosai ba, gwamnatin kanta a 2002 ta koma Turanci zalla, a 2007 ta sake juyowa. Ku ma can Najeriya ai a 2025 aka soke tsarin koyarwa da harshen uwa, don haka a rage ɗora mana laifi.

Na san idan muka zo Kano ana dariyar Hausarmu, wai muna cewa "mace ya zo". Haka muka tashi muka ji, kuma da ita ake mana tafsiri da ɗaurin aure. Uwar yaran da kake zargi kuwa, ita ke tashinsu da asuba zuwa makarantar allo. Jiya da dare ma ita ke yanka kwali da almakashi, 'yar tana rubuta "ruwa" da "akuya" a kai, za ta liƙa a bangon ajinta.