Wa zan sa a farko, wa zan ajiye a ƙarshe?

Ƙanena na ga tambayarka, wai yara biyar gareka da zaka kai gasar muhawara, ɗaya a cikinsu bakinta kamar rediyo, sauran kuma sai a hankali, shine kake tunanin ka sa ta buɗe fage don ta razana abokan karawa tun daga farko, sannan kana tambaya ko ka rubuta musu jawabi su haddace. Toh wannan kuskuren ba labarinsa aka bani ba, ni da kaina na yi shi kuma na sha kaye a kansa.

Kafin komai ka tabbatar da tsarin da za a yi gasar a kai, don rabon aiki daga nan yake fitowa. Idan irin na gasar duniya ta 'yan sakandare ne, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, mutum uku ke magana a kowane ɓangare, kowa minti 8, sai jawabin rufewa na minti 4. Na 'yan jami'a mai bin salon majalisar Birtaniya daban yake, ƙungiya huɗu ne mutum bibbiyu, minti 7, shiri kuma minti 15 kacal, amma tunda yaranka 'yan sakandare ne bari mu tsaya a na farkon.

Mai magana na farko magini ne, shi zai aza tubali. Ya faɗi ma'anar ƙudirin, ya ce ga inda muka tsaya, ni zan kawo kaza da kaza, na biyunmu zai kawo kaza. Idan kune masu goyon baya kusan duk jawabinsa a shirye yake kafin ya miƙe, don babu wanda ya riga shi magana balle ya mayar da martani. Kaga kenan wannan gurbin na yaron nan ne mai natsuwa da tsari, ko da muryarsa bata cika ɗaki ba. In ka sa gwanarka a nan ka kashe harsashinka tun ba a ga dabba ba.

Na biyu shi yafi shan wahalar agogo, rabi raddi rabi sabuwar hujja, kuma kullum zaka ga yara sun ji daɗin raddi sun manta da kansu har minti 6 ya wuce, sai su karanto hujjarsu a guje kamar ana korarsu. Ka koya masa in ya kai wajen minti 3 ko 4 ya saki raddi ya shiga nasa.

Na uku kuwa, nan ne maganar take. Ba wurin sabuwar hujja bane, musamman na ukun 'yan adawa, in ya kawo ta, alƙalai ajiye ta zasu yi gefe don ɗaya ɓangaren basu da cikakken jawabin da zasu amsa ta. Aikinsa ya zauna yana saurare yana rubutu tun daga farko, in ya tashi ya tattara duk hayaniyar ya mayar da ita tambaya biyu ko uku, ya nuna a kowacce su suka yi rinjaye. Kunne ake nema a nan kafin baki. Don haka kar ka yanke hukunci a kan yarinyar nan tukuna, gwada su. Ka tsaya ka yi musu jawabin minti 3 ka ɓoye wata hujja mai rauni a tsakiya, sannan kowa ya maimaita maka abinda ka faɗa ya nuna inda ramin yake. Sau da yawa wanda baka zata ba shi zai ɗago kai ya ce Malam ai misalinka na biyu ya karya na farko, to wannan shine na ukunka. In gwanar ce ta gano, madalla ka samu biyu a ɗaya, in kuma tun kana magana bakinta yake motsi tana shirya abinda zata ce, kai ta na biyu. Ai ma riba ce, don jawabin rufewa, mai magana na farko ko na biyu ne kaɗai ke yinsa, na uku baya yi, kuma 'yan adawa ke fara rufewa, masu goyon baya su zo ƙarshe.

Sauran biyun ba 'yan rakiya bane. In an bada ƙudirin ba-zata awa ɗaya ake bayarwa ba waya ba intanet, su ne zasu zama abokan gaba a ɗakin shiri suna caccakar hujjojin kafin a caccake su a waje. Kuma ka riƙa juya su zagaye zuwa zagaye.

Maganar hadda, a'a, kar ka soma. Akwai yarona da ya haddace jawabi har da inda zai ɗaga hannu, ana minti na uku wani daga ɗaya ɓangaren ya miƙe da tambayar katse magana, wato tambayar da abokin karawa ke jefo maka kana tsakiyar jawabi, ya karɓa ya amsa da kyar, ya juyo zai ci gaba zaren ya ɓace, ya tsaya yana kallon silin, takardar hannunsa tana karkarwa har ana jin ƙararta, can sai muka ji ya koma kan gaisuwar alƙalai daga farko, wallahi har yau in na tuna sai na runtse ido. Tun daga ranar ƙananan kati nake basu, kowane kati hujja ɗaya, kalma biyar shida. Ita tambayar katse maganar ana yinta ne bayan minti na 1 zuwa na 7, bata wuce daƙiƙa 15, ka ce musu su karɓi ɗaya ko biyu a jawabi, kuma sai sun kai ƙarshen jimlarsu, ba wai ana miƙewa su yanke numfashi ba.

Maki 100 kashi uku ne, 40 na abinda ka faɗa, 40 na yadda ka faɗe shi, 20 na dabara. Yara suna jin arba'in ɗin salo sai su ɗauka ihu ne da manyan kalmomi da karya harshe. Ka ce su kalli biron alƙali. In yana rubutu ana tare, in ya ajiye biro yana kallonka kawai to ko ka yi sauri da yawa ko bai san a wace hujja kake ba, sai ka rage gudu ka ce yanzu na shiga ta biyu. In an faɗi magana mai nauyi a yi shiru na daƙiƙa biyu ta zauna. Ƙafa a kafe, ba rangaji, ido kan alƙalai da jama'a ba kan abokin karawa ba, don ba shi zai baka maki ba.

Gobe in kun yi atisaye ka ɗauke su bidiyo a waya, ka kashe sautin ku kalla tare, kowa zai ga abinda hannunsa da ƙafarsa ke yi ba sai ka faɗa ba, sannan ka turo min sakamakon gwajin kunnen nan in ga wa ya gano ramin.