Buɗaɗɗen rak ko rufaffen kabad, wanne za mu saya wa sabobinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A wajen aikinmu an ware mana ɗaki guda da za mu mayar ƙaramar cibiyar adana bayanai, muna da sabar (manyan kwamfutocin da ke adana bayanai) guda 6, suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) 3, babban UPS (na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke) ɗaya, sai wayoyin netwok kusan 150 da za su shigo daga ofisoshi. Mai kawo mana kaya ya dage sai dai mu sayi rufaffen kabad mai ƙofa, wani abokin aikina kuma ya ce asarar kuɗi ce kawai, wai buɗaɗɗen rak, wato firam ɗin ƙarfe mara ƙofa da bango da ake ɗaura na'urori a kai, ya fi arha kuma kaya sun fi shan iska. Ni dai na rasa na kamawa, don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh kowannensu yana da gaskiyarsa, amma da a gabana kake abin da zan fara tambayarka shi ne, mutum nawa ne ke da makullin ɗakin nan? Don yawancin amsar a nan take. In kai da mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke shiga, ɗakin ma kansa kabad ne. In kuwa mai shara zai shiga, mai gyaran AC zai shiga, wani zai leƙo neman wajen cajin waya, to wallahi kar ka bar sabar a fili, don ba sai ɓarawo ba, gwiwar hannun mutum kaɗai ta isa ta fizge waya ɗaya aiki ya tsaya cak kuma ba wanda zai ce shi ne. Shi ya sa a manyan cibiyoyin da kamfanoni ke hayar gurbi a zaure ɗaya kowa kabad ɗinsa da makullinsa.

Ta fuskar awo duk ɗaya suke, faɗin wajen ɗaura kaya inci 19 ne, tsayi kuma da U ake ƙirga shi, U ɗaya inci 1.75 ke nan wato milimita 44.45, wanda aka fi saye shi ne mai 42U, kusan mita 2 a tsaye. Shi buɗaɗɗen kala biyu ne, akwai mai ƙafa biyu akwai mai ƙafa huɗu. Mai ƙafa biyu na suwic ne da allon haɗa wayoyi da sauran kaya marasa nauyi, kar ma ka yi tunanin rataya masa sabar, don ita doguwa ce, da yawansu sun haura santimita 70 a zurfi, kuma ƙarafan da take zamewa a kai sai an ɗaure su gaba da baya.

Maganar shan iska kuma, a nan ne abokin aikinka ya ɗan yi kuskure, kuma ba shi kaɗai ba ne, mutane da yawa haka suke ɗauka. Sabar ba kamar mutum take shan iska ba da zai zauna a fili ya ji daɗi. Fankokinta ta gaba suke zuƙar iska mai sanyi su fitar da mai zafi ta baya, abin da take so shi ne kar waɗannan iskokin biyu su haɗu. A buɗaɗɗen rak ba abin da ya raba su, zafin da ya fita ta baya sai ya zagayo ta gefe ko ta sama ya koma bakin sabar, musamman wadda ke can sama, tana ta shaƙar numfashin 'yan uwanta. Duk wat ɗin da na'ura ta ja zafi yake komawa, a ce kowace sabar taka tana jan wat 400, shida sun kama kilowat 2.4, kamar ka kunna dutsen guga biyu ka bar su dare da rana ke nan. Ƙungiyar injiniyoyin nan ta Amurka, ASHRAE, shawararta ita ce iskar da ke shiga na'ura ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27, kuma a bakin na'urar ake aunawa, ba abin da rimot ɗin AC ya nuna maka ba. Kabad mai bangon gefe shi ke tilasta wa iska ta bi hanya ɗaya, amma fa da sharaɗi, ƙofofinsa gaba da baya su zama masu huji-huji kamar rariya, sannan duk gurbin da ba ka sa komai ba ka toshe shi da faifan da ake sayarwa don haka, 'yan robobi ne ko ƙarfe marasa tsada amma aikinsu ba kaɗan ba.

Na taɓa zuwa wani waje da suka sayi kabad mai ƙofar gilas saboda kyau, kana shiga ka ga fitilu kore-kore suna ƙyalli ta ciki gwanin sha'awa, amma fankoki sai ihu suke kamar jirgi zai tashi. Na ɗora tafin hannu a gilas ɗin na ji ɗumi, muna buɗe ƙofar ba a yi minti goma ba ƙarar ta lafa. Ƙarshenta cire ƙofar suka yi suka jingine ta a bango, kaga an biya kuɗin kabad an koma buɗaɗɗen rak. Ƙofar gilas ta ƙaramin akwatin suwic ce, ba ta sabar ba.

In mai kayan ya ce maka kabad zai hana ƙura, kar ka yarda, ƙofar da iska ke wucewa ƙura ma tana wucewa. Ƙura a ɗaki ake maganinta, a toshe kafofin taga da ƙasan ƙofa, a riƙa wanke matatar AC.

Inda buɗaɗɗen rak ya yi fintinkau shi ne wajen wayoyi. Wayoyi 150 ba wasa ba ne, balle in irin wayar netwok ɗin nan ce mai kauri da ake kira Cat6A, cikin kabad mai faɗin milimita 600 za su cushe baya su tare hanyar iska, ranar da za ka nemi waya ɗaya kuwa sai ka ji kamar ka yi kuka, hannu ba ya shiga, ido ba ya gani. A buɗaɗɗe kuwa ta ko'ina za ka zagaya ka kai hannu. Ga wani abu kuma, wasu suwic ɗin ta gefe suke shaƙa su fitar ta ɗaya gefen, a matsattsen kabad bango ne a bakinsu, ka duba takardar bayanin suwic ɗinka ka gani.

To da ni ne kai raba su zan yi. Sabar shidan da UPS su shiga kabad mai 42U, zurfin milimita 1000 aƙalla, in da hali 1200 don wayoyin wuta su samu sarari a baya, sai allon wayoyi da suwic a rak mai ƙafa biyu a gefensa in har ɗakin yana kulle, a kafe shi a ƙasa da noti kar ya rinjaya. In kuɗin abu ɗaya ne kawai ko ɗakin ya yi ƙanƙanta, ka ɗauki kabad mai faɗin milimita 800, ƙarin santimita 20 ɗin nan shi ne wajen bin wayoyi ta gefe. UPS kullum a ƙasa saboda nauyin batura, masu nauyi su biyo shi, don in ka jawo sabar waje a sama alhali ƙasa ba nauyi kabad ɗin zai iya kifowa kanka. Ka bar wajen mita ɗaya ko fiye a gabansa don jawo sabar, kar kuma ka manna bayansa da bango. Sannan kafin ka biya ko sisi ɗauki tef ka auna ƙofar ɗakin da lungun da za a bi da shi, don shi kabad yawanci a haɗe yake zuwa, ga tayoyi a ƙasa sun ƙara masa tsayi, rak ne ke zuwa a kwance cikin kwali ka haɗa abinka a ciki.