Kan tambayarka ta waken gwangwani da tsamiya da dabino

Kai yaro, naga saƙonka tun jiya. Kace kana so ka gwada waken nan irin na gwangwani a gida, wanda kuke cewa bek bins, amma ka cire tumatir da suga ka zuba tsamiya da dabino da daddawa, wai ko zai yi. Zai yi mana, ni na yi wanda ya fi haka tun baka san riƙe ludayi ba. Amma tambayar taka ta nuna min har yanzu hankalinka yana kan kayan haɗi, alhali abin da ke kashe girkin nan waken ne kansa, da kuma lokacin da tsami ya shiga tukunya.

Da farko ka sani waken da ke cikin gwangwanin Heinz ba irin namu bane. Wani ƙaramin farin wake ne da ake nomawa a Amurka da Kanada, fatarsa na da ƙarfi, yana jure wuta. Kuma na gwangwanin ma ba gasa shi suke ba, a cikin gwangwanin suke dafa shi bayan sun rufe. Masu gasa shi na ainihi mutanen Boston ne a Amurka, su da baƙin ruwan rake mai kauri suke yi da naman alade, ya daɗe a wuta kaɗan-kaɗan kusan yini guda, na Ingila kuma shi ne mai romon tumatir. Toh mu alade ba namu bane, shi yasa nake sa kilishi ya ba da ƙamshin hayaƙin, baƙin ruwan raken kuma muna da abin da ya fi shi, mazarƙwaila. Nan Maƙarfi ake yinta, a jiharmu ta Kaduna, amma yaran yanzu sai su tsallake ta su je kanti neman abin da aka rubuta da Turanci a jiki, sai sun gani a TikTok sannan su yarda abu ne mai daraja.

Namu farin waken baya kai awa ɗaya ya nuna, in ka ba shi wutar da Turawa ke ba nasu fate zaka kwashe. Kuma in ka zuba tsamiya ko tumatir tun yana da tauri, shikenan ka ɗaure shi, tsami yana hana wake laushi, ko itacen Kaduna duka ka ƙona haka zai zauna. Sai ya nuna yadda zaka murje shi da yatsa biyu amma bai fashe ba, sannan romo ya shiga. A nan tsamin ya zama abokinka, shi zai riƙe waken kar ya dagargaje a obin. Kanwa kuma kar ma ka kusanto da ita, zata fasa fatar, ta ɓata kalar, ta kuma kashe tsamin da ka sha wahala ka jiƙa.

Bari in gaya maka abin da yasa maganar nan take min zafi. Akwai wata Hajiya a Unguwan Rimi, ba zan kira suna ba, Allah ya san ta. Zata aurar da ɗiyarta, abokan ango da yawa daga Ingila zasu zo, tace tana son karin kumallo irin na can amma da ɗanɗanon gida, a nuna musu mu ma mun iya. Na haɗa mata na gwaji da sabon waken da na zaɓo da hannuna, da mazarƙwaila da ruwan tsamiya da kilishi da ɗan daddawa. Wallahi matar nan sai da ta suɗe cokali, ta kira ƙawayenta suka ɗanɗana, tana ta tambayata Malam me ka sa, me ka fara zubawa, ni kuma da zuciya ɗaya ina faɗa mata, mai aikinta na tsaye a gefe tana ji. Muka yi ciniki ta ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, sai tace in rage kuɗin wake domin tana da buhu a sito daga gonarsu, na bana ne, sabo fil. Nace Hajiya a kawo min da wuri in duba. Yau gobe, yau gobe, sai ana gobe biki bayan magariba direbanta ya sauke min buhu ya juya.

Na kwance bakin buhu, na sama fes. Yara suka tsince aka ɗora manyan tukwane. Can cikin dare na ɗebo na murza, rabi ya narke rabi kamar tsakuwa. Na zazzage sauran buhun a tabarma, ashe sabon ɗan kaɗan aka zuba a sama, na ƙasa tsohon wake ne da ya kwana biyu a ajiye, ga hudar ƙwari, ga wani warin magani yana tashi. Tsohon wake da ya sha zafi da damshi a sito baya nuna, wannan kowane mai girki ya sani, kuma ita ma ta san abin da ta aiko min. Na kira ta a waya tace wai in yi dabara, ai shi yasa ake kirana gwani. Dabarar me? In ba baƙi wake mai warin maganin ƙwari? Ko ka manta a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin maganin nan da ake zubawa a buhu? Ni ba zan ɗauki alhakin cikin mutane ba.

Cikin daren nan na tafi Tudun Wada na buga wa wani mai hatsi da muke mutunci ƙofa, ya buɗe min shago, na sayi wake da kuɗin aljihuna a farashin da ya faɗa don ba lokacin ciniki bane. Gawayi ya ƙare na sake saye. Babu wanda ya runtsa cikin yarana. Muka kai abinci da ɗan jinkiri, ko awa ɗaya bai kai ba, baƙi suka cinye tas har ana kankare kula, wani cikinsu ma ya zo har inda nake tsaye yana tambaya ko ana samun irinsa a sayo a tafi da shi. Bayan biki naje karɓar cikon kuɗina, sai Hajiya tace na makara na kunyata ta a gaban surukai, kuma na ɓarnatar mata da buhun wake, don haka zata cire kuɗin buhu a farashin sabo. Abin da ta miƙo min ko kuɗin kilishi bai kai ba. Manyan kulolina guda biyu har yau suna gidan, na aika an ce ba a gansu ba. Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya na ji ana yabon waken gidan Hajiya a wajen taro, wai sirrin gidansu ne tun na kaka. Na bar ta da Allah amma ban yafe ba, gumin yaran nan da suka kwana a tsaye yana wuyanta.

Don haka ko a gida zaka yi, kaje kasuwa da ƙafarka, Kawo ranar Talata ko Bakin Dogo, ka zura hannu har ƙasan buhu, ka shinshina, ka gatsa ƙwaya ɗaya. Kar ka haɗa wake iri biyu a tukunya ɗaya.

Tumatir kuma kar ka cire shi gaba ɗaya, ka rage dai, shi ke ba romon jiki da kala, ka haɗa da tattasai. Tsamiya ƙari ce, cokali-cokali zaka riƙa zubawa kana ɗanɗanawa. Dabino ka jiƙa ka markaɗa, yana kaurara romo da kyau amma yana kamun gindin tukunya, in ka sa shi ka rage mazarƙwaila, ba alewa kake yi ba. Daddawa ka daka ka soya ta da albasa tun farko, a mudu ɗaya ƙwaya biyu ta isa, in ta yi yawa miyar kuka zata riƙa tuna wa mutum. Kilishi da gishirinsa da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa yake zuwa, sai ka ja hannu da gishiri da magi. Cittarmu ta Kachia tana da ƙarfi, kaɗan ya wadatar, kanumfari kuma kar ya wuce uku ko huɗu. In zuma kake so, sai ka sauke sannan, wuta tana cinye ƙamshinta. Zoɓo da naji wasunku na zubawa, ni ban yarda da shi ba, kalar waken take komawa wata iri, ido ma baya so balle baki.

Yadda ake tsince wake da wanke shi da soya kayan miya ba zan tsaya rubuta maka ba, in baka iya wannan ba me kake yi a wajena. Obin ka sa zafinsa wajen digiri 150, a rufe, awa ɗaya da rabi ya ishi wakenmu, ka buɗe a ƙarshe saman ya ɗan ƙafe ya yi duhu. In babu obin, tukunyar ƙarfe mai kauri irin ta Panteka, garwashi kaɗan a ƙasa wasu a kan murfi. Kuma ka daina juya shi kowane minti kamar yadda kake min a shago, girgiza tukunyar zaka yi.

Ka fara da rabin mudu, kar ka ɓata wa mahaifiyarka kayan abinci. Ka ajiye wayar nan a ɗaki har ka sauke, ranar Litinin ka zo min da shi a kwano in ɗanɗana, kuma ka taho da ɗanyen waken da ka saya in gani.