Ƙwannafi da zafin haɗiya: amsoshin Likita

Tambaya: Likita barka da aiki. Kullum in na ci tuwon dare na kwanta sai in ji ƙirjina na ƙuna, wani ruwa mai tsami na taso min har wuya. An ce olsa ce, ina shan kanwa amma ba sauƙi.

Amsa: Malam ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba. Akwai bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, tsawonsa kamar santimita 25, a ƙarshensa akwai wani nama da ke tsukewa kamar bakin jaka, to in ya saki sai ruwan tsamin ciki ya dinga dawowa sama yana ƙona bututun har ya kumbura. Ka bar kanwar nan don Allah, lafawa kawai take yi na ɗan lokaci. Ka ci abincin dare da wuri, a samu awa 3 kafin ka kwanta, ka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗagu kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo ba ya yi, wuya kawai yake lanƙwasawa. Rage maiƙo da yaji da shayi mai kauri, taba kuwa a yi sallama da ita. Omeprazole, maganin rage tsamin ciki, ana shansa minti 30 kafin karin kumallo, sati 4 zuwa 8, da yawa bayan sun ƙoshi suke sha sai su dawo su ce min bai yi ba. Amma in abinci ya fara tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa, ko amai da jini, ko bahaya baƙi ƙirin, kemis ba naka ba ne, asibiti za ka a zura kyamara a duba.

Tambaya: An ba ni doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwana biyu da farawa ko miyau na haɗiya sai in ji kamar reza.

Amsa: Hajiya ina kyautata zaton a kwance kika sha, ko da kurɓi ɗaya na ruwa. Ƙwayar maƙalewa take yi a bututun abinci ta narke a wajen ta yi gyambo, haka ibuprofen da maganin ƙarin jini. Ki koma wajen wanda ya rubuta miki ya canza, ki lallaɓa da kunu mai ɗumi kawai, yawanci cikin sati ɗaya ko biyu yake warkewa. Nan gaba kofi cike da ruwa, kuma ki zauna rabin awa kafin kwanciya.

Tambaya: Yaron maƙociyata ya sha ruwan soda na haɗa sabulu, aka ba shi manja ya yi amai, yanzu ya warware, sai an je asibiti?

Amsa: Yau ɗin nan ma. Amai ya sake ƙona hanyar karo na biyu ne, shi ya sa ba a sa yaro amai, ba manja ba madara. Abin tsoron shi ne bakin zai warke, amma bayan wasu makonni bututun abincin ya yi tabo ya tsuke har koko ya gagara wucewa, sai an yi ta buɗawa da na'ura. Masu sabulu ku daina zuba soda a gorar ruwan sha, yaro gani yake ruwa ne.