Kwamfutar cikin VirtualBox ta ƙi tashi, aikina ya tafi kenan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da shagon buga takardu a Jekadafari nan Gombe, akwai wata tsohuwar manhajar lissafi da bata aiki sai a Windows 7 shi yasa na sa ta cikin VirtualBox (manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarka), to jiya ina tsakar aiki aka ɗauke wuta, da na kunna sai naga an rubuta "Inaccessible", kuma bashin kwastomomi duk a ciki yake. Shikenan na rasa?

AMSA: Wa alaikumussalam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, yawanci abin da ke lalacewa ɗan ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da .vbox, saituna kawai yake riƙewa. Kayanka suna cikin ƙaton fayil ɗin .vdi, shi ne had dis ɗin, kamar dai ka ciro shi daga kwamfutar da ta ƙone ka sa a wata.

Kafin ka taɓa komai ka kwafi folda ɗin da waɗannan fayiloli suke ciki gaba ɗaya zuwa wani waje, wallahi wannan ne mafi muhimmanci. A cikinta zaka ga wani fayil .vbox-prev, wato kwafin saitunan na baya, rufe VirtualBox ka mayar da sunansa .vbox, sau da yawa nan take take tashi.

In ta ƙi, cire ta daga jerin kwamfutocin da ke cikin VirtualBox amma ka zaɓi "Remove only", kar hannunka ya kai kan "Delete all files" don wannan har .vdi ɗin zai share. Sai ka danna New, ka zaɓi Windows 7, in ka zo wajen had dis kar ka ƙirƙiri sabo, ka nuna mata tsohon .vdi ɗinka. Saitunan su zama irin na da, musamman SATA ko IDE (yadda ake haɗa had dis ɗin) da kuma EFI (yadda kwamfutar ke tashi), in suka saɓa Windows zata iya baka shuɗin allo ko ta ƙi tashi ka ɗauka komai ya lalace alhali lafiya lau yake.

Inda nake jin tsoro shi ne sinafshot, wato adana yanayin kwamfutar na wani lokaci don a iya komawa gare shi. In ka taɓa ɗauka, sabon aikinka yana cikin folda Snapshots ne, babban .vdi ɗin tsohon yayi kawai zai nuna maka, kuma da zarar ka kunna shi a haka ka ɓata alaƙarsu. In kaga fayiloli a wannan folda ka tsaya, ka rubuto mana sunayensu da girmansu kafin ka kunna.